Jego da Jari: Tarihin Komawar Mace Kan Sana'arta Bayan Haihuwa

 

Iyayenmu mata, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, da sauran 'yan uwa na wannan ƙungiya, ina yi mana barka da ganin wannan rana. Allah da Ya nuna mana shekara goma, Ya nuna mana ashirin cikin lafiya da zaman lafiya, a nan Wanke da Zamfara baki ɗaya.

An ce kowace ta kawo abin da za a buga a takardar bikinmu. Ni mai sayar da kayan miya ce, da girmana na koyi riƙe biro, don haka magana ɗaya na ɗauka: me ke samun sana'ar mace daga ranar da ta haihu zuwa ranar da ta koma ciniki? Duk wadda ta taɓa leƙa littafin zubinmu ta san inda layin mace ke yankewa. Sau da yawa in aka bi sawu, sai a tarar haihuwa ta yi. Mace ta shekara uku tana tara jari, jego ɗaya ya lashe shi. Ma'aikaciyar gwamnati tana da hutun haihuwa, albashinta na shiga. To mu fa? Na tambayi tsofaffinmu, na tambayi malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, ga abin da na haɗa.

Hutun da mata suka yi wa junansu

Na tambayi wata gwaggona ko a zamaninsu akwai hutun haihuwa. Ta yi dariya ta ce: "Ɗiyata, mu wanka munka sani. In anka ce mace na wanka, ko sarki ba ya aiken ta." Da na zauna na yi tunani sai na ga ai hutun ke nan, sunansa kawai ya bambanta.

Ku duba yadda aka tsara shi. In haihuwar fari ce, yarinya takan koma gaban uwarta goyon ciki, ko ta tafi wankan gida bayan suna. Kwana arba'in ba ta daka, ba ta surfe, ba ta jan ruwa a rijiya. Tun ciki bai tsufa ba miji ya fara tara itacen wanka. Ungozoma ko wata tsohuwa ta dafa ruwa safe da maraice, ta yi mata wanka da ganyen runhu ko na tsamiya, daga baya dogon yaro ya shigo. A dama mata kunun kanwa, a dafa ƙauri, a daka yaji. In gidan yawa ne, kishiya ko faccala ta karɓi girki. Ranar suna 'yan biki su zo, abin da kika kai wa wata a sunanta ta dawo miki da shi har da ƙari, kuma duk lissafin a ka yake, babu littafi. Bayan an gama wanka sai yawon arba'in, dangi su ba da hatsi, sabulu, 'yan kuɗi. Da wannan ne mata da yawa ke tada sana'arsu.

Kun ga ashe duwatsun murhu uku ne suka ɗauki mai jego: gidan iyayenta, mijinta, da 'yan bikinta. Addini ma ya tsaya mata. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, ya kuma ɗora ci da tufatin mai shayarwa a wuyan uban yaro gwargwadon ƙarfinsa.

Ko a wajen neman ilimi magabata ba su manta da mai goyo ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa jaji, dattijuwa mai hankali, ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu. Matan aure masu ƙananan yara suna gida, in jaji ta dawo sai ta kai musu abin da ta ɗauko. Wato wadda ƙafarta ke sake ita ke tafiya a madadin wadda goyo ya ɗaure.

Sai dai kada mu ce komai na da alheri ne. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, numfashi na yi musu wuya. Suka danganta yawan abin da shan kanwa fiye da kima da zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Hutun da kulawar su ne alherin jego. Kanwar da tafasasshen ruwan kuwa a rage su, kuma duk mai jegon da ta ga kumburi ko haki, asibiti za ta nufa, kada a ce sai ta gama wanka.

Lokacin da kan yarinya ya zama rumfa

Abin da ya sa kakanninmu ba su sha wahalar komawa aiki ba shi ne sana'arsu cikin gida take. Kaɗi, saƙar faifai, daddawa, fura, ƙosai, man gyaɗa. Mace na iya murza mazari jariri na kan cinyarta.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta kai Kaura Namoda. Gusau ta zama garin cinikin gyaɗa da auduga, kamfanoni suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka yi masaƙa. Sannu a hankali yadin kanti ya kashe kasuwar zaren hannu, mata suka ƙara komawa ga abin ci: ƙuli-ƙuli, mai, tuwo, dambu, waina. Shi kuwa abin ci ba kamar zare ba ne da za ki tara ki aika kasuwa ranar da kika ga dama. Kullum sai an fitar da shi, in ya kwana ya lalace. Ga kulle ya ƙara yaɗuwa har ƙauyuka. To wa zai fitar? Yarinya.

Malamarmu ta ba mu labarin wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill da ta zauna Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960. Ta rubuta cewa ciniki mai yawa, har na hatsi, cikin gidaje ake yin sa, mata na ciki yara na kai da kawowa, baƙo in ya shigo gari ba zai gani ba. Mu wannan ba labari ba ne, cikinsa muka tashi. Mai jego ta koma sana'a ba ta taka ƙofar gida ba, domin faranti na kan 'yarta ta shekara tara, ƙanwar wannan kuma ta shekara bakwai tana goye da jariri. Ribar tallan a saya mata kwanoni, a tara kayan ɗaki.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowane yaro. Nan aka yi karo. In yarinya ta tafi makaranta, wa zai yi talla, wa zai yi raino? Gidaje da yawa suka saki maza suka riƙe mata. 'Yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu da ke zaune a ajin yaƙi da jahilci yau da furfura a kai, mu ne 'yan tallan jiya da 'yan rainon jiya. Ba laifin iyayenmu nake gani ba, hanyar da ke gabansu ke nan. Amma hutun jegonsu da karatunmu aka biya shi, kuma sai yanzu muke biyan bashin, muna haɗa baƙi da wasali jika na bayanmu.

Hutun da doka ta sani

Hutun haihuwa na takarda shi ma yana da tarihi. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar farko a kan mata ma'aikata: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta. A shekara ta 2000 ta ɗaga shi zuwa mako 14. A Nijeriya, Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 54, ta ba mace mako shida kafin ta haihu da mako shida bayan ta haihu. In ta kai wata shida tana aiki a wurin, a biya ta aƙalla rabin albashinta, kuma ba a korar ta don ta tafi wannan hutu. In ta dawo tana shayarwa, a ba ta rabin awa sau biyu a rana ta ba da nono. Mako shida kwana 42 ke nan. Kun ga abin da likitoci da masu doka suka zauna suka yanke, kakanninmu sun riga su da arba'in, kwana biyu ne tsakani.

Daga baya ma'aikatan gwamnatin tarayya aka mai da nasu mako 16. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta wata shida a 2014, jihar Kaduna ta yi haka a 2019. A 2021 gwamnatin tarayya ta ba maza ma'aikatanta kwana 14 in matansu sun haihu. Wata shidan nan ba da ka aka zaɓe shi ba, ya yi daidai da shawarar likitoci ta a ba jariri nono zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa.

Muna taya 'yan uwanmu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti murna, haƙƙinsu ne. Amma duk wannan doka tana magana ne da mai ubangida da albashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba aikin ofis ko kamfani suke yi ba. Mai awara, mai ƙuli, mai kayan miya, ita ce ubangidan kanta. Ranar da ba ta kasa kaya ba, ba ta da albashi. Likita ya ce nono zalla wata shida, tukunya ta ce ki fita neman na cefane tun ba ki yi arba'in ba. Wa za ki bi?

A wasu ƙasashe an nemo wa irinmu hanya. A Ingila mai sana'ar kanta in ta yi rajista tana ɗan zuba wa asusun gwamnati, in ta haihu ana ba ta kuɗi har mako 39. A Indiya kuwa matan ba su jira gwamnati ba. A garin Ahmedabad, a 1972, masu talla da masu ɗinki da 'yan dako mata suka kafa ƙungiyar SEWA ƙarƙashin wata mata Ela Bhatt. A 1974 suka buɗe bankinsu. Da suka ga haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke karya membobinsu, sai suka kafa tallafin haihuwa, suka buɗe wuraren raino da su da kansu ke gudanarwa. A kasuwar Makola ta birnin Akra a ƙasar Gana ma akwai wurin rainon 'ya'yan mata 'yan kasuwa, uwa ta ajiye ɗanta ta je rumfa, ta leƙo ta ba da nono.

Tallafi mai zuwa, mai wucewa

A nan gida gwamnatoci sun yi ta kawo shirye-shiryen mata. Manyan cikinmu sun tuna Better Life na Maryam Babangida a 1987, lokacin da aka yi ta kafa ƙungiyoyin mata ana raba injin niƙa da keken ɗinki. A 1989 aka buɗe People's Bank mai ba talaka ƙaramin rance. A 1994 Maryam Abacha ta kawo nata shirin tallafa wa iyali. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni, bayan shigowar shari'a kuma aka kafa Hukumar Zakka da Waƙafi mai taimakon marayu da gajiyayyu.

Zamanin Jonathan, ƙarƙashin SURE-P, a wasu asibitocin da aka zaɓa an riƙa ba mace har N5,000 in ta cika zuwa awo, ta haihu a hannun ma'aikata, ta kai yaro rigakafi. Da gwamnati ta canja a 2015 shirin ya tsaya. Zamanin Buhari aka kawo N5,000 a wata ga gidaje marasa ƙarfi, a 2018 aka kawo TraderMoni, rancen N10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 aka yi shelar N25,000 a wata har wata uku.

Wadda ta samu ta gode Allah, ba mu raina ba. Amma abu biyu na lura da su. Na farko, kowane shiri da gwamnatinsa yake zuwa, da ita yake tafiya, ƙungiyoyin da aka kafa don a karɓi rabo kuwa in rabon ya ƙare sai allon suna ya rage. Na biyu, in aka cire na SURE-P, babu wanda ya dubi lokacin haihuwa, alhali nan ne jari ke karyewa. Ciki ba ya jiran a buɗe rajista.

Abin da aka gwada a Tsafe

Akwai shiri ɗaya da ya kamata kowace 'yar ƙungiya ta san labarinsa, don a maƙwabtanmu aka yi shi. Ana kiransa CDGP. Gwamnatin Ingila ta ba da kuɗin, ƙungiyar Save the Children ta gudanar da shi a ƙananan hukumomin Tsafe da Anka, aka kuma yi shi a ƙananan hukumomi uku na jihar Jigawa. An fara biya a 2014, aka rufe a 2019. Mu da ke ƙarƙashin Gusau bai zo kanmu ba, amma masu 'yan uwa a ƙauyukan Tsafe da aka zaɓa sun ga yadda ya gudana.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Da an tabbatar mace na da ciki sai a rubuta ta, a ba ta wayar hannu, duk wata ta dangwala yatsa ta karɓi N3,500 a hannunta, har yaron ya cika shekara biyu. A 2017 aka mai da shi N4,000. Ku lissafa, wata 24 na shayarwa kaɗai a kan N3,500 ya kama N84,000, a kuɗin wancan lokaci. Tare da kuɗin akwai masu wayar da kai da ke bi suna faɗakarwa: a ba jariri dakashi kada a zubar, a ba shi nono zalla wata shida, a je awo, a wanke hannu.

Da farko mutane sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Wasu suka ce mazaje za su karɓe, wasu suka ce mata za su miƙe ƙafa su bar sana'a. Masana suka bi gidajen shekara da shekaru suna aunawa. Abin da suka samu shi ne yawanci matan ne ke yanke yadda za a kashe kuɗin, kuma abinci ne kan gaba. Tsumburewar yara ta ragu. Sannan, abin da ya fi shafarmu, matan da suka karɓa sun fi shiga sana'a, sun sayi awaki da tumaki, sun tada 'yan ƙananan cinikayya. Ashe in mai jego ta san akwai abin da zai shigo ƙarshen wata, ba ta taɓa jarinta.

Me ya sa wannan ya yi aiki? A ganina dalili huɗu ne: kuɗin ya zo daidai lokacin ciki da shayarwa, an san adadinsa, an san zai dawo kowane wata, kuma hannun matar ya shiga. Amma shi ma da wa'adinsa ya cika ya tafi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Inda muke yau

Mu koma ga duwatsun murhun nan uku. Gidan iyaye: tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari, wankan gida ya zama abin tunani. Wata ƙauyen iyayenta ya tashi, uwar tana gudun hijira a Gusau ko Tsafe, ita ma neman mai taimakonta take, ga marayu a gabanta. Wata kuma hanyar ce ba ta biyuwa da jariri. Miji: wanda bai samu shiga gonarsa ba da damina, da me zai sayi itace da ƙauri da rago? Sau da yawa matar ce ke zaro kuɗin gyaɗarta a rufa asiri ranar suna. 'Yan biki: bikin yana nan, amma ya koma anko da kwalliya, abin da aka tara a wuni ɗaya a cinye shi a wuni ɗaya.

Ga kuma abin da ya faɗo mana daga sama. A Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako aka yanke layin waya a jihar nan. Farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace saboda canjin naira. Bayan nan kuɗin mota da na tiyar hatsi suka tashi. Wadda waɗannan suka same ta tana da ƙarfi ta ji jiki, balle wadda suka tarar kan gadon jego.

Saboda haka yau mai jego hanya uku ke gabanta. Ko ta zauna ta ci jarin, tiya bayan tiya, ranar da ta tashi ta tarar babu abin sari, masu sayenta sun saba da wata. Ko ta koma tun jikinta bai yi ƙwari ba, jariri a baya cikin rana da ƙura, ko kusa da kaskon mai da hayaƙin murhu. Kada mu ɗauka aiki cikin gida kullum lafiya ne ga yaro. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daka duwatsun zinari cikin gidaje ya watsa gubar dalma, yara kimanin 400 suka rasu. Hanya ta uku ita ce ta da: a cire yarinya daga makaranta ta ɗauki faranti ko goyo. Duk cikin ukun nan babu ta zaɓe.

Roƙona ga babban taro

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙungiyar da ta shekara goma ba ta watse ba ta isa ta zama dutse na huɗu. Ina roƙon a tattauna abu biyar, in an yarda a rubuta su cikin dokokinmu.

Na ɗaya, asusun jego, daban da adashi. Ga misali: in mu hamsin ne, kowace ta zuba N200 a mako, N10,000 ke nan a mako, N520,000 a shekara. In mata goma suka haihu, kowace ta samu N40,000, saura N120,000 a ajiye don wadda aka yi wa aiki ko ta kwanta asibiti. Amma kada a ba da shi ranar suna, biki zai haɗiye shi. Rabi a raba mata mako-mako cikin arba'in don abinci, rabi a riƙe sai ranar da za ta koma, ya zama kuɗin sari. Gudummawa ce, babu ruwa a ciki, ba a kuma biya.

Na biyu, wadda ƙungiya ke bi bashi a ɗaga mata wata uku daga ranar haihuwa, babu tara. A adashi kuma uwar adashi ta duba, in da mai yarda a yi musanya, kwasar mai ciki ta faɗo kusa da komawarta.

Na uku, riƙon sana'a. Kowace mai ciki ta zaɓi 'yar uwa ɗaya tun da wuri wadda za ta riƙe mata wurin zamanta da masu sayenta, ta sayar mata da kaya, a yanka mata wani abu cikin riba. Komai a rubuta, abin da aka ba da, abin da aka sayar, abin da ya rage. Nan karatunmu zai yi rana, domin abin da ke ɓata irin wannan amana shi ne "na ce, kin ce".

Na huɗu, ɗakin raino. Mu nemi gida ɗaya kusa da inda muke kasa kaya, da inuwa da tabarma da ruwa mai tsabta da gidan sauro, mu ɗauki dattijuwa ɗaya ko biyu cikinmu mu riƙa biyansu. Uwa ta leƙo ta shayar ta koma. Sharaɗinsa ɗaya: wadda ta ci asusun jego ba za ta cire 'yarta daga makaranta don raino ko talla ba, boko ko Islamiyya.

Na biyar, takardu. Tallafin yanzu ta lambar ɗan ƙasa da asusun banki yake bi. Sakatariya ta duba wadda ba ta da su a taimaka mata ta yi, kowace mai ciki ta riƙe katin awo, kowane jariri a yi masa takardar haihuwa. In wani shiri irin na Tsafe ya sake zuwa, ya same mu a shirye, kuma mu je wajen kansila da hakimi da murya ɗaya mu ce a sa Wanke.

Na san akwai tambayoyi. Wata uwata cikin ƙungiya ta ce mini: "Ni da na gama haihuwa, mi za ni ci ciki?" Inna, 'yarki da matar ɗanki suna tafe, sai a yarda wadda ta wuce haihuwa ta sa sunan 'ya ɗaya a gurbinta, kuma aikin raino na iyayenmu ne, su za a biya. Wata ta ce maza za su ji ana ba da kuɗi su janye hannu. Wannan gaskiya ce mai yiwuwa, shi ya sa nake ganin kafin a fara a roƙi liman da mai gari su tara mazajenmu a yi musu bayani: ciyar da mai jego na nan a wuyansu yadda addini ya ɗora, asusun nan na tsare jari ne. Wata kuma ta ce N200 a mako ta yi yawa a wannan zamani. In ta yi yawa mu fara da N100, a ga yadda shekara za ta kaya.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kakanninmu sun riƙe lissafin biki a ka, suka ba mai jego kwana arba'in. Mu da Allah Ya ba mu littafi da biro, ina fata ranar da za a yi bikin shekara ashirin, mai karanta littafin zubi ba za ta iya gane watan da mace ta haihu ba, don layinta bai yanke ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa albarka cikin sana'armu. Amin.